Kujerar kyaftin a gida, babban jirgi a Gulf, ko jirgin Alhaji: amsa ga wani matashin matuƙi

Tambaya: Ranka ya daɗe Kyaftin, ni mataimakin matuƙi ne a wani kamfanin cikin gida, ina kan jirgin Embraer 145. A kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya na yi horo, awoyina sun haura 1,800, kuma na karɓi lasisin ATPL, babban lasisin da ake buƙata kafin a zama kyaftin. Hanya uku ce a gabana. Kamfaninmu ya ce in na ƙara haƙuri za a ɗaga ni kyaftin. Wani babban kamfani a yankin Gulf na ƙasashen Larabawa ya kira ni intabiyu, can zan hau babban jirgi amma a kujerar dama, wato ta mataimaki. Sai kuma wani attajiri a Abuja da ke neman matuƙi na biyu ga jirginsa, albashin ya ɗara wanda nake karɓa. Ina da mata da ɗa ɗaya a Kano, mahaifiyata kuma girma ya kama ta. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Ƙanena, barka da ƙoƙari. Duk wanda ya fito daga makarantar tuƙin jirgi ta Zariya ko Ilorin ya san yawan masu riƙe da lasisin CPL, wato lasisin fara aikin tuƙi a kamfani, da ke zaune a gida suna jiran kiran da bai zo ba, don haka ƙofa uku a buɗe lokaci guda abin godiya ne. Ga ra'ayina tun daga farko, dalilai su biyo baya. In kamfaninku ya tsallake binciken da zan zayyana maka, zauna ka karɓi kujerar hagu, wato ta kyaftin, tukuna. In bai tsallake ba, shirya wa intabiyun Gulf da gaske. Jirgin Alhaji kuwa, a inda kake yanzu, shi na sa a ƙarshe, ko da shi ya fi tsoka a ƙarshen wata.

Matasa sukan kalli jirgin. Su ga Boeing 777 ko Airbus A350 a ajiye a Legas, zuciya ta tafi. Amma bayan wata shida ɗakin tuƙi ya zama ofis kawai, kuma abin da zai rage yana juya rayuwarka abu biyu ne: rosta, wato jadawalin aikin da ake turo maka duk wata, da halin mutanen da ke sama da kai ranar da ka ce jirgin nan ba zai tashi ba. A kan waɗannan biyun zan auna maka kowace hanya.

Bari in fara da aikin da kake yi yanzu, domin na ga alamar kana raina shi. Gajeren zango a Najeriya makaranta ce da ba a samun irinta da kuɗi. Kano zuwa Abuja bai cika awa guda ba, Abuja zuwa Legas kusan awa guda, kuma a yini ɗaya kana iya yin zango huɗu ko fiye. Rabinsu kai ne za ka sauke jirgin da hannunka. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazon hunturu ya rufe Kano da Maiduguri da Yola, kana neman fitilun titin sauka kana lissafin man da zai kai ka wani filin in ba ka gan su ba. Da damina hadari ya taso daga gabas ya yi layi, kana duba rada kana neman inda za ka kewaye. Wasu filayen ba a sauka bayan faɗuwar rana, saboda haka jinkirin awa biyu da safe yana iya cinye zangon ƙarshe na yamma. Mutumin da ya yi shekara biyu yana yanke hukunci a irin wannan yanayi daga kujerar hagu, a ko'ina ya je duniya za a gane a hannunsa. Kuma mafi yawan dararenka kana kwana a gida ko kusa da gida. In Hajiya mahaifiyarka ta kwanta rashin lafiya da daddare, gobe da hantsi kana gabanta.

Wahalarsa ma ka san ta: tashin asuba kwana huɗu a jere, zaman jiran mai ko jiran gyara, fasinjan da ya yi awa biyar a ɗakin jira yana hararar rigarka kamar kai ka riƙe jirgin. Gajiyar gajeren zango ba a jin ta rana ɗaya, tana taruwa ne.

Dogon zango wani aiki ne daban, ko da lasisin ɗaya ne. Tafiyar Dubai zuwa Los Angeles kusan awa 16 ce, kuma matuƙa huɗu ake zubawa. Biyu na tuƙi, biyu na kwance a ɗakin hutu, a yi canji a tsakiya. Sauka ɗaya ce tak a ƙarshen wannan doguwar tafiya, ku huɗu kuma kowa yana buƙatarta, domin doka ta ce sai matuƙi ya yi tashi uku da sauka uku cikin kwana 90 kafin a ce hannunsa na nan. Akwai mataimaka a manyan jirage da sai an mai da su simileta, na'urar da ke kwaikwayon tuƙin jirgi, don su cike wannan adadin. Aikin ya koma lura da na'urori, lissafin mai, sanin filin da za a karkata in injin ɗaya ya mutu a tsakiyar teku, da yaƙi da barci. Manyan kamfanonin Gulf sun gina jadawalinsu a kan haɗa fasinjojin gabas da na yamma, shi ya sa jirage da yawa ke barin Dubai da Doha tsakar dare zuwa asuba. Tsakanin ƙarfe 2 na dare da ƙarfe 6 na safe jikin ɗan Adam ya fi neman barci, kai kuma a lokacin za ka fara aiki. Ka isa wata ƙasa rana tsaka alhali jikinka yana cewa dare ne, ka yi kwana ɗaya a otal, ka juyo. Wasu jikinsu ya karɓa, suna jin daɗin hutun kwana biyu ko uku da ke biyo baya. Wasu kuma shekara goma ba su saba ba, hawan jini da ƙiba suka same su. Ba ka da hanyar sanin wanne ne kai sai ka gwada, amma in tun yanzu tashin dare ɗaya yana wargaza maka sati, ka ɗauki wannan a matsayin labari.

Kada ka ji kamar ina kushe su. Horonsu mai kyau ne, jiragensu sababbi, kayan gyara a ajiye, albashi yana shiga ranar da aka ce kuma ba a cire masa haraji, ga gida ko kuɗin gida, ga tallafin makarantar yara. Ga Musulmi kuma zaman yana da sauƙi, masallaci da abinci ba abin damuwa ba ne, Makka da Madina kuma kusa. Wanda ya sha jiran albashi a gida ya san darajar wannan.

Abin da takardar ɗaukar aiki ba za ta nanata maka ba shi ne izinin zamanka yana rataye ne a wuyan aikin. Ranar da aiki ya ƙare, lissafin kwanakin tattara kaya ya fara, yara kuma a cire su daga makaranta. A 2020, da korona ta ajiye jirage, Emirates ta Dubai kaɗai ta sallami ɗaruruwan matuƙa, musamman na jirgin A380, mutanen da suka yi zaton sun kai tudun mun tsira. A gida ma an sallami matuƙa a shekarar, sai dai wanda aka sallama a gida ya koma ɗakinsa ne, ba a ce ya bar ƙasa ba. Babu kuma ƙungiyar matuƙa irin NAAPE da za ta tsaya maka a can. Ka ƙara da batun zirga-zirgar iyali: daga ƙarshen 2022 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta daina ba 'yan Najeriya biza har zuwa tsakiyar 2024, Emirates ma ta daina zuwa Najeriya sai a watan Oktoban 2024 ta dawo. Rigima ce tsakanin gwamnatoci da batun kuɗin kamfani da ya maƙale, ba ruwan matuƙi, amma wanda ke can yana son kawo mahaifiyarsa asibiti shi ya ji a jikinsa.

Yanzu ga maganar da ta fi nauyi, maganar layi. A kusan duk manyan kamfanoni, ranar da ka shiga ita ce lambarka. Da ita ake ɗaga mutum kyaftin, da ita ake raba hutu, a wasu wuraren da ita ake zaɓar rosta. A Amurka abin ya kai matuƙa: kyaftin mai shekara ashirin in ya sauya kamfani, ƙasan layi zai koma, bayan yaron da ya riga shi shiga da sati ɗaya. Gulf ba su kai haka tsauri ba, amma can ma ana bin layi, kuma hawa kujerar hagu a babban jirgi yana cin shekaru, ya danganta da yadda kamfanin ke ƙaro jirage. Wannan yana da fuska biyu, kuma dole in faɗa maka duka. In ka tabbata a can kake son ƙare aikinka har shekara 65, wadda ita ce iyakar da ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ta sa wa matuƙan jiragen fasinja na ƙasa da ƙasa, to kowace shekara da ka ƙara a gida tana tura ka baya a layinsu. Kuma kada ka yaudari kanka: zama kyaftin a jirgi mai kujera 50 ba zai sa su ɗauke ka kyaftin a 777 ba. Ko ka je da awoyin kujerar hagu, a dama za ka fara.

To me ya sa duk da haka na ce ka tsaya? Saboda awoyin da ka yi kana shugaban jirgi dukiya ce da ba a ƙwacewa. Duk tallan neman kyaftin a duniya, daga Lome zuwa Kigali zuwa kudu maso gabashin Asiya, abin da yake fara tambaya ke nan. Mataimakin da ya yi shekara shida a babban jirgi aka sallame shi, yana da awoyi dubbai amma bai taɓa sa hannu a matsayin mai alhakin jirgi ba, in ya dawo kasuwa mataimaki ne har yanzu. Wanda ya tafi da awa dubu ko fiye na kyaftin a littafinsa, in abu ya ɓaci yana da inda zai faɗa. Kai kana dab da samun wannan. Shekara biyu na jinkiri a aikin da zai kai ka 65 ba asara ba ce babba. In da a ce kujerar tana nesa da kai da shekara biyar ko shida, da amsata ta sauya.

Sai dai hangen Dala ba shiga birni ba ne. "Za a ɗaga ka" magana ce da na ji an faɗa wa mutane da yawa a daidai lokacin da aka ji ƙishin-ƙishin za su tafi. Ka bincika da kanka. Mutum nawa aka ɗaga daga dama zuwa hagu a kamfanin cikin shekara biyun da suka wuce? Su wane ne a gabanka? Jirage nawa ne ke tashi a zahiri, ban da waɗanda ke ajiye babu inji? In kamfani yana da jirgi shida a takarda amma biyu ke aiki, ba ya buƙatar sabon kyaftin. In kuma duk lokacin da gurbi ya samu sai a ɗauko kyaftin daga waje da kwantiragi, ka gane inda aka dosa. Ka nemi shugaban matuƙa ya gaya maka sharuɗɗan a rubuce: awoyi nawa, jarrabawa wace iri, zango nawa za ka yi ƙarƙashin kyaftin mai horarwa. Kamfanin da ke da tsari zai ciro maka shafin daga kundinsa nan take.

Akwai kuma batun samfurin jirgi. Embraer 145 jirgi ne mai kyau, amma an daina ƙera shi kuma kasuwarsa tana tsukewa, ko da yake har yanzu ana amfani da shi a Najeriya da Ghana. Boeing 737 da Airbus A320 su ne samfuran da ko'ina ka je za ka tarar ana nema. In kamfaninku yana da ɗaya daga cikinsu ko yana shirin kawowa, wannan ƙarin dalili ne na zama. Manyan kamfanoni kuma sukan duba nauyin jirgin da ka tara awoyinka a kai, ka karanta sharaɗin kowanne da kyau kafin ka ɗauka duk awa awa ce.

Binciken da na ce shi ne ginshiƙi kuwa, ka yi shi yadda ake binciken aure: ba wurin mai dalili ake jin gaskiya ba, wurin maƙwabta ake ji. Maƙwabtan kamfanin jirgi su ne injiniyoyi, da masu tsara tafiya, da matuƙan da suka bar wurin. Kai da kake ciki ma ka riga ka san amsoshin, sai dai ko ba ka zauna ka jera su ba. In kyaftin ya rubuta matsala a littafin jirgi, ana gyarawa, ko ana kiransa a waya a ce ya bari sai an dawo Legas? Kayan da doka ta yarda a tashi da su a lalace na ɗan lokaci, ana gyara su cikin wa'adi, ko kullum ana neman ƙarin wa'adi? In kyaftin ya ƙara mai saboda ya ga hadari a hanya, ana tuhumarsa? Wanda ya fasa sauka ya sake zagayowa, ko ya karkata zuwa Kaduna don Abuja ta rufe, me ya same shi washegari? In ka ce ka gaji ba za ka iya tashi ba, ana cire ka daga rosta cikin mutunci ko ana rubuta sunanka? Dokokin ƙasashe da yawa sun tsaya a kusan awa 100 cikin kwana 28, da 900 zuwa 1,000 a shekara, amma iyakar doka ba ita ce iyakar jiki ba, kuma akwai masu tsara rosta da ke ɗaukar iyakar a matsayin abin da dole a cike. Simileta fa, duk wata shida ana tura ku a kan lokaci? Da dala ake biyanta, yawanci a ƙasar waje, shi ya sa take cikin abubuwan farko da ke nuna kamfani ya fara jin jiki.

Dalilin da ya sa nake matsa wannan, mu nan Arewa mun biya farashinsa da rayuka. Ranar 11 ga Yuli 1991 jirgin DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, wanda aka yi hayarsa yana jigilar alhazai da sunan Nigeria Airways, ya tashi daga Jidda zai tafi Sakkwato. Tayoyinsa biyu ba su da isasshiyar iska, kuma an san da haka kafin tashi. An nemi a cika su, amma ba a samu iskar da ake sa musu nan kusa ba, mai kula da jigilar kuma bai yarda a yi jinkiri ba. Tayoyin suka fashe a kan titi, wuta ta kama, aka naɗe su cikin jirgin da wutar a jikinsu. Jirgin ya juyo amma bai kai titin ba. Mutum 261 suka rasu, babu wanda ya tsira. Binciken bai nuna an sanar da matuƙan halin tayoyin ba. Abin lura a nan shi ne, ƙwarewar matuƙi ba ta isa ta cece shi daga kamfanin da jadawali ya fi ƙarfin injiniya a cikinsa. Yanzu da kake dama, wani ne ke sa hannu. Ranar da ka koma hagu, sunanka da lasisinka ne a kan takardar. Kujerar kyaftin a wurin da ba a jin "a'a" ba ci gaba ba ne, in kuwa haka kamfaninku yake, manta da duk abin da na faɗa a kan tsayawa.

Wannan ya kawo mu jirgin Alhaji. Aikin yana da daɗinsa: jirgi mai kyau, fasinja kaɗan, yau Abuja gobe Landan ko Jidda, wani lokacin sati guda ba a tashi ba. Akwai manyan matuƙa da suka ƙare aikinsu a nan cikin rufin asiri, kuma akwai masu jirage da suka san darajar matuƙi. Amma ga mai awa 1,800 matsalolinsa uku ne, kuma kowace tana da nauyi. Awoyi ba sa taruwa, domin jirgin mutum ɗaya ba safai yake yin ko rabin abin da jirgin fasinja ke yi a shekara ba, ka ga kujerar hagu ta ƙara nisa. Rosta babu ita, wayarka ce rosta. Ranar suna ko ranar Sallah in Alhaji ya ce Dubai, Dubai ce. Na ukun shi ne wanda ya fi damuna. A kamfani, tsakaninka da mai kuɗin akwai shugaban matuƙa da sashen kiyaye haɗari da kundin dokoki. A nan mai jirgin yana zaune taku biyar a bayanka, shi ke biyanka, yana da ganawa da ƙarfe huɗu, kai kuma kana gaya masa hazo ya rufe filin. A watan Maris na 2001 wani jirgin Gulfstream na haya ya faɗi yana ƙoƙarin sauka a Aspen ta Amurka, dare na shigowa ga dusar ƙanƙara, mutum 18 suka mutu, kuma hukumar binciken ƙasar ta ambaci matsin da wanda ya yi hayar jirgin ya yi na lallai a sauka a can cikin abubuwan da suka taimaka. Kyaftin mai furfura yana iya kallon attajiri ya ce ranka ya daɗe ba za mu je ba. Kai ka tambayi kanka ko kyaftin ɗin da za ka zauna kusa da shi yana iyawa.

In duk da haka zuciyarka na can, ka tambayi waye ke riƙe da jirgin a takarda. Yana ƙarƙashin kamfani mai lasisin jigila ne, ko izinin amfanin kai kawai yake da shi? In na amfanin kai ne kuma ana ba da shi haya a ɓoye, kai ma ka shiga laifin. A 2024 NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ta dakatar da izinin wasu masu jirage a kan wannan. Yawancin irin jiragen nan kuma rajistar waje gare su, sai ƙasar da ta yi rajistar ta amince da lasisinka. Sannan jirgi ɗaya ne: in aka sayar da shi, ko ya tafi babban gyara na wata uku, ko harkar mai shi ta girgiza, aikin ya tafi da shi.

Ba jirgin mutum ɗaya kaɗai ke mutuwa ba, gaskiya. Nigeria Airways ta daina tashi a 2003. Okada, ADC, Sosoliso, Bellview, Chanchangi, Air Nigeria, duk mun ga tashinsu mun ga kwanciyarsu. Arik da ta fi kowa girma a lokacinta, AMCON, hukumar gwamnati mai karɓar basussukan da suka maƙale, ta karɓe ta a 2017. Kuɗin shiga da naira, amma kayan gyara da inshora da hayar jirgi da horo duk da dala, ga farashin man jirgi. Da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 cikin 'yan watanni, kowane kamfani ya ji. Saboda haka ko ka zauna, ka zauna da shiri: lasisi da takardar likita kullum a sabunce, littafin awoyi a cike da hatimi, da ajiyar da za ta riƙe gida wata shida.

A kan kuɗi, kada ka kwatanta adadin da ke saman takarda. Ka duba nawa ne tsayayyen albashi, nawa ne ya dogara da awoyin da ka tashi. In mafi yawansa na awoyi ne, ranar da jirgi ya kwanta aljihunka ya kwanta, kuma tsari ne da ke sa mutum ya tashi da mura ko da gajiya. Ka duba ko ana zuba maka fansho da gaske. Doka ta ce kashi 10 daga kamfani, kashi 8 daga gare ka, ka buɗe asusun ka gani da idonka. Ka tambayi inshorar rasa lasisi. Duk shekara likita zai duba ka, bayan 60 duk wata shida, kuma ciwon suga ko zuciya ko ido na iya rufe aikin rana ɗaya. Matasa ba sa tambayar wannan, shi ne kuma abin da na fi so su tambaya.

Ba ka ambaci jigilar alhazai da dakon kaya ba, amma ka sa su a ranka don gaba. Kabo Air da Max Air sun sa 'yan Arewa da dama a kan Boeing 747 ta hanyar aikin Hajji, aiki ne na 'yan makonni masu zafi sannan a lafa, ga ladan kai baƙin Allah. Jirgin kaya kuma yawanci da dare yake tashi, babu fasinja babu hayaniya, kuma a 2020 da jiragen fasinja suka kwanta su ne suka ci gaba da aiki. Akwai kuma koyarwa. Wanda ya zama kyaftin mai horarwa ko mai jarrabawa ba ya rasa aiki, har bayan ya daina tashi yana iya koyarwa a simileta, kuma wannan hanyar ta fi saurin buɗewa a ƙaramin kamfani.

Ka zauna da maiɗakinka ka nuna mata rosta ta gaske, ba hoton gidan da za a ba ku ba. Nemi wani da ke aiki a kamfanin Gulf ɗin ya turo maka tasa ta wata uku, ku ƙirga darare nawa ba ya gida. Ita za ta zauna a ƙasar da ba ta da kowa alhali kana Sydney. Ka kuma je wurin Hajiya. In akwai 'yan'uwa da ke kusa da ita kuma ta sa albarka, nauyin ya ragu. In kai kaɗai ne namijin da take kira, ka san abin da ke kanka fiye da ni.

Intabiyun kam ka je, ko da ka yanke shawarar zama. Za ka ga yadda suke gwada mutum a simileta, ka san inda kake da rauni, kuma ba a tilasta wa kowa sa hannu don ya ci jarrabawa. Abu ɗaya kawai: in sun ba ka kuma ka ƙi, ka rubuta musu cikin ladabi ka faɗi dalili, domin sukan ajiye suna. Kafin ka motsa ko'ina kuma, ciro yarjejeniyar da ka sa wa hannu lokacin da kamfaninku ya biya maka horon Embraer. Duba shekara nawa ta ɗaure ka, ko bashin yana raguwa wata-wata ko yana nan cif har ranar ƙarshe, da naira aka rubuta shi ko da dala. Horon kyaftin ma yakan zo da sabuwar yarjejeniya, ka karanta ta kafin ka shiga aji, in ta wuce shekara biyu ka nemi a rage. Ranar da za ka tafi, ka ba da sanarwa yadda aka rubuta, ka biya abin da ya rage, ka karɓi takardar shaidar awoyinka da ta cewa ba ka da haɗari ko tuhuma a kanka, domin sabon kamfani zai nema, kuma zai kira tsohon shugaban matuƙanka ya tambaya.